Abin da jinin ɓera ke nunawa game da kafson bitamin E

Kusan duk abin da aka sani game da bitamin E, daga jikin ɓera aka fara saninsa. A 1922 ne Herbert Evans da Katharine Bishop, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, suka lura da wani abu a ɓerayen da suke kiwo da haɗaɗɗen abinci mai kitsen alade. Ɓerayen na girma lafiya lau, matan na ɗaukar ciki, amma kafin lokacin haihuwa sai tayin ya mutu, mahaifa ta shanye shi, a wayi gari babu ciki babu ɗa. Da aka ƙara musu ganyen latas ko ƙwayar alkama, sai haihuwa ta dawo. Bayan shekara biyu aka raɗa wa wannan abu suna bitamin E, a 1936 kuma aka tace shi daga man ɗan tsiron da ke cikin ƙwayar alkama. Hatta ma'aunin IU da ake rubutawa a jikin kwalba daga nan ya samo asali, domin da cikin ɓera aka riƙa auna ƙarfin bitamin ɗin.

Wannan tarihi ya shafe mu a Kaduna ta hanya biyu. Ta farko, da wuya ka shiga babban kemis a Tudun Wada ko Barnawa ko Unguwar Rimi ka rasa kafson nan mai ruwan zuma, 400 IU a rubuce a jikinsa. Wasu na sha don gyaran fata, wasu don gashi, wasu kuma an ce musu yana taimaka wa haihuwa. Ta biyu, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jihar Kaduna, ɗaliban kimiyyar sinadaran jiki da haɗa magunguna da likitan dabbobi kan yi aikin kammala karatunsu a kan fararen ɓeraye, kuma bitamin E na cikin abubuwan da ake yawan ɗura musu. Mai sha da mai bincike duk magana ɗaya suke dogara da ita: an ba ɓera, an auna jininsa, an ga ya hau. Maganar gaskiya ce, yana hawa. Sai dai abin da hawan yake nufi ya fi yadda ake ɗauka sarƙaƙiya, kuma a wajen fassara shi ne ake tafka kuskure.

Mu fara da yadda ake gwajin. Farin ɓeran nan mai jan ido da ake kira Wistar, daga wata cibiya a Filadelfiya aka fara tsara irinsa a 1906. Akan samo ƙanana, a raba su rukuni-rukuni. Rukuni ɗaya a ba shi abincin da aka cire wa bitamin E, wanda ake haɗawa da man masara da aka tsame bitamin ɗin daga cikinsa. Rukuni na biyu a ba shi daidai buƙata. Sauran a riƙa ƙara musu, ko dai a cikin abinci, ko a narka shi a mai a ɗura musu ta wata doguwar allura mai dunƙulallen baki da ake zurawa a hankali ta maƙogwaro. Abincin da masu bincike suka amince da shi a duniya, wanda aka tsara a Amurka a 1993 ake kiransa AIN-93, yana da 75 IU a kowane kilo. Ɓera mai nauyin giram 200 da ke cin kamar giram 15 zuwa 20 a yini, abin da yake samu bai kai IU 2 ba. Bayan makonni sai a ɗebi jini, a sa a na'urar da ke juya shi da ƙarfi har jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin fatsi-fatsi ya taso sama. Wannan ruwan ake zuƙewa, a nannaɗe bututun da takardar alminiyon don kada haske ya taɓa shi, a jefa shi cikin firiza nan take, saboda haske da zafi da iska duk suna cin bitamin E. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan mataki kaɗai ya isa ya lalata aikin wata biyu ba tare da mai aikin ya sani ba.

Akwai wata matsalar da ta fi damuna. Abincin AIN-93 na da tsada, ga wahalar samu, don haka a ɗakunan gwaji da dama a nan abincin kaji ake ba ɓeraye. Shi kuwa abincin kaji tun daga kamfani an zuba masa haɗin bitamin, har da E. Wata ɗaliba ta taɓa nuna min jadawalinta cike da murna, ta ce, "Malam, duba, rukunin da na ba bitamin ya fi rukunin da ban ba komai ba." Na ce, "'Yata, shi wanda ba ki ba komai ba, me yake ci?" Ta ce abincin kaji. Na ce to nawa ne bitamin E a cikin buhun? Ta yi shiru. Ba laifinta ba ne, abin da ta tarar ana yi ke nan. Amma in ba a san abin da ke cikin kwanon rukunin farko ba, ba a san daga ina aka fara awo ba.

Idan gwajin ya tafi daidai, abin da ake gani a fili yake. Ɓerayen da aka hana, cikin 'yan makonni bitamin E na jininsu yakan faɗi warwas. Jajayen ƙwayoyin jininsu su yi rauni, da an ɗiga musu sinadarin gwaji sai su farfashe. Dalili kuwa shi ne aikin bitamin E tsaron kitsen da ke bangon ƙwayoyin halitta ne, kada iskar oksijin ta lalata shi, irin lalacewar da ke sa tsohon mai ya soma wari da maƙaƙi. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa sukan riƙe nasu gam, su daɗe ba su sake ba bayan na jini ya ƙare. Tun daga nan mai hankali zai gane cewa jini ba ya ba da labarin jiki duka.

Waɗanda aka ƙara wa kuma, jininsu na hawa, amma ba gwargwadon ƙarin ba. Daga rashi zuwa wadata, tsalle ne babba. Daga wadata zuwa ninki goma, hawan kaɗan ne in aka kwatanta da abin da aka zuba. Haka abin yake ga mutum ma: duk yawan kafson da zai sha, da wuya abin da ke jininsa ya wuce ninki biyu zuwa huɗu na yadda yake a da.

Sirrin yana hanta. Bitamin E a mai yake narkewa, ba ya narkewa a ruwa, don haka sai da ruwan matsarmama da ɗan kitse a abinci hanji ke iya tsotse shi. Daga hanji ya hau ƙunshin kitse, ya bi ya isa hanta. A nan ne ake tantancewa. Abin da muke kira bitamin E dangi ne na sinadarai takwas, tokoferol huɗu da tokotiriyenol huɗu, kuma hanji ba ya wariya, duk yana shigar da su. Hanta ce ke da wani furotin, wanda aka fara ganowa aka kuma tace shi daga hantar ɓera, mai ɗaukar ɗaya daga cikin tokoferol huɗun, wato alfa-tokoferol, ya ɗora shi a kan kitsen da zai fita zuwa jini. Ka ɗauke shi kamar ɗan kamasho a tashar Kawo: kujerun mota ƙidayayyu ne, ko fasinja sun cika tasha adadin da mota za ta ɗauka bai canja ba, kuma akwai fasinjan da yake fifitawa. Wanda bai samu kujera ba, hanta ta datse shi gunduwa-gunduwa har ya zama abin da ruwa ke iya ɗauka, ya fita ta fitsari ko ta ruwan matsarmama. Masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon sun yi wa ɓeraye allurar alfa-tokoferol mai yawa kullum, suka ga ya taru a hanta da farko, daga baya ya soma sauka alhali ba a daina allurar ba, domin hantar ta ƙara himma wajen kakkarya shi. Muhimmancin wannan furotin ya fito fili a 1995, lokacin da aka gano cewa lalacewar ƙwayar gadonsa ce ke jawo wata cutar jijiya ga wasu iyalai, musamman a arewacin Afirka. Suna cin abinci mai bitamin E, amma jininsu ba ya riƙe shi, har tafiya ta gagare su.

Wannan wariya ta hanta ita ce kuma ta bambanta kafso da kafso. Na asali, wanda aka tato daga man tsirrai, siffa ɗaya ce da shi, akan rubuta d-alpha a jikin kwalbarsa. Na haɗawa a masana'anta, mai dl-alpha, gauraye ne na siffofi takwas, rabinsu kawai furotin ɗin ke karɓa. Shi ya sa 400 IU na asali yake daidai da miligiram 268, na haɗawa kuwa 180. Ko wanne ka ɗauka, ka tuna buƙatar babban mutum a yini miligiram 15 ce.

Yanzu ga abin da jadawali mai layi ɗaya ba ya nunawa. Idan alfa ya hau a jini, gama-tokoferol sauka yake yi. An ga haka a ɓeraye, an gani a mutane tun shekarun 1980. Kujerun ne alfa ya mamaye, ga kuma hanta ta buɗe wuta wajen kakkarya duk abin da ya rage. Gama kuwa ba bare ba ne a tukunyarmu, shi ne ya fi yawa a man waken suya da man masara da riɗi, kuma akwai shi sosai a gyaɗa. Yana da nasa aikin, domin yana kama wasu miyagun sinadarai masu naitirojin da alfa bai ƙware a kansu ba. Wanda ya auna alfa kaɗai ya rubuta cewa bitamin E ya ƙaru, rabin labari ya bayar.

A nan riɗi ya ba masana mamaki, kuma ina ganin ya kamata ɗalibanmu su san wannan fiye da kowa, tun da Nijeriya na cikin manyan masu noma shi, daga Jigawa zuwa Nasarawa da Binuwai. Riɗi kusan gama ne zalla, alfa ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka a lissafin takarda bai kamata ya tsinana wa ɓera wani abu ba. A 1992 wata tawagar masu bincike a Japan ƙarƙashin Kanae Yamashita ta ciyar da ɓeraye riɗi, sai ga gama ya taru a jininsu da hantarsu, ya kuma kare su daga alamomin rashin bitamin E, abin da gama shi kaɗai bai yi ba. Daga baya aka gane dalili: riɗi na da wani sinadari, sesamin, mai rage wa hanta saurin kakkarya tokoferol. Wato ba yawan abin da aka haɗiye kaɗai ke tsara abin da za a gani a jini ba, har da abin da aka haɗiye shi tare da shi. Kantun riɗin da yara ke talla a bakin titi ya cancanci a zauna a yi masa nazari na tsanaki, haka ma manja, wanda ke cike da tokotiriyenol.

Sai babbar magana, wato bitamin K, mai kula da daskarewar jini. A wani gwaji da aka wallafa a 1983, an ciyar da ɓeraye bitamin E mai yawan gaske na tsawon mako 104, miligiram 500 da 1,000 da 2,000 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum. Cikin 'yan watannin farko mazan suka fara zubar da jini, ta hanji, ta mafitsara, ta wajen ido, har da cikin kai. Sai da aka ƙara musu bitamin K abin ya lafa, aka iya ci gaba da gwajin. Binciken da ya biyo baya ya nuna yawan bitamin E na rage bitamin K a wasu sassan jikin ɓera. Ka lura da kyau, a lokacin da waɗannan ɓeraye ke zubar da jini, awon bitamin E na jininsu a sama yake. Da wannan lamba kaɗai za a duba, cewa za a yi sun fi kowa lafiya.

Wannan gwaji bai tsaya a kejin ɓera ba. A 2000, da kwamitin masana abinci na Amurka ya zo tsayar da iyakar abin da babban mutum zai sha a yini, a kansa ya dogara. Ya ɗauki miligiram 500, mafi ƙarancin abin da ya jawo zubar jinin, ya raba da 36 don yin taka-tsantsan, ya samu kusan 14 ga kowane kilo, ya ninka da nauyin matsakaicin mutum, ya tsaya a miligiram 1,000. Hukumomin Turai sun fi tsanantawa, a 300 suka tsaya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun nuna tsoron na da tushe. A Finland, a binciken da ya ƙunshi maza masu shan taba sama da 29,000, wanda sakamakonsa ya fito a 1994, an fi samun mutuwa ta zubar jini a ƙwaƙwalwa cikin masu shan miligiram 50 kacal a yini. A 2008 wani gwaji a kan likitoci maza a Amurka, masu shan 400 IU yau su tsallake gobe, ya sake nuna ƙaruwar irin wannan zubar jini a ƙwaƙwalwa, ba tare da ciwon zuciya ya ragu ba. A 2011 kuma, a cikin maza sama da 35,000, masu shan 400 IU kullum sun fi kamuwa da ciwon dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100. Duk waɗannan mutane bitamin E ya hau a jininsu.

Labarin bitamin A gajere ne amma yana da darasi ga mai awo. Tun wajen 1940 Thomas Moore a Ingila ya nuna ɓeran da ya rasa bitamin E ajiyar bitamin A da ke hantarsa na saurin ƙarewa, domin E ne ke kare shi daga lalacewa. Sai dai hanta da awo take sakin bitamin A cikin jini, adadin ba ya motsawa sosai har sai rumbun ya kusa ƙarewa. Mai son sanin gaskiya hanta zai auna. Bitamin C kuwa shi ke farfaɗo da E bayan ya gama aikinsa, amma a nan ɓera ba abin misali ba ne, domin hantarsa na ƙera masa nasa bitamin C, mu kuwa sai mun ci a lemo ko gwaba ko ganye.

Bambancin bai tsaya nan ba. Ɓera ba shi da jakar matsarmama, ruwan kai tsaye yake zuba cikin hanji. Yawancin kolestarol na jininsa a kan nau'in kitsen da ake kira HDL yake tafiya, saɓanin mutum. Yana kuma cin kashinsa, yana samun bitamin K da wasu bitamin daga ƙananan halittun da ke zaune a hanji, shi ya sa mai binciken da ya san aikinsa yake sa keji mai ragar waya a ƙasa. Mata da maza ma ba ɗaya ba ne, mazan sun fi saurin faɗawa rashin bitamin K. Ga kuma wani tarko da ya shafi ɓera da mutum baki ɗaya: tun da bitamin E a kan kitse yake yawo a jini, duk abin da ya ƙara kitsen jini zai ɗaga lambarsa. Ɓeran da aka sa wa ciwon suga don gwaji kitsen jininsa kan ƙaru, sai bitamin E ya bi shi sama ko da sassan jikinsa ba su samu ƙari ba. Shi ya sa tun shekarun 1970 Max Horwitt ya nuna a riƙa auna shi tare da kitsen jini, a raba wannan da wancan. Aikin da bai yi haka ba, ni dai ba na sakankancewa da shi.

Sai a duba yawan abin da ake ɗurawa. A rubuce-rubucen ɗalibai ana yawan cin karo da miligiram 100 ga kowane kilo. Ga ɓera mai giram 200, miligiram 20 ke nan a yini, fiye da ninki goma na abin da daidaitaccen abincinsa ke ba shi. Ƙa'idar juya awon ɓera zuwa na mutum ita ce a raba da 6.2, abin da zai ba da kusan miligiram 16 ga kilo. Ga mai nauyin kilo 60, an doshi miligiram 1,000, wato bakin iyakar da aka gindaya. Don haka idan aka ce bitamin E ya kare hantar ɓera daga wata guba a irin wannan awo, ba a yi maganar cokalin man gyaɗa ba, ba a ma yi maganar kafso ɗaya ba.

Batun haihuwa shi ne ya fi taɓa min zuciya, domin masu nemanta ba abin da ba za su saya ba. Ɓerayen Evans da Bishop hana su bitamin ɗin aka yi ƙurmus, da gangan, da abincin da babu mahalukin da ke cin irinsa a gida. Maganin rashi aka yi musu. Matar da ke cin miyar gyaɗa da alayyahu da manja ba ta cikin halin waɗancan ɓeraye, kuma jinkirin haihuwa na da dalilai da yawa, daga toshewar hanyar ƙwai zuwa matsalar da ke wajen mijin, waɗanda sai an je asibiti an duba ake ganewa. Watannin da aka ɓata ana haɗiyar kafso, watanni ne da ba a je an duba ba.

Akwai waɗanda suke buƙatar ƙarin da gaske, kuma an san su: bakwainin da aka haifa da ƙarancin nauyi sosai, masu ciwon hanta ko hanji da ke hana tsotse kitse, yaran da tamowa ta yi wa mugun kamu, da masu waccan cutar gado. Su likita ke tsara musu awo yana bibiya. Ga sauran jama'a, gasasshiyar gyaɗa giram 28, kamar cikin tafin hannu, na da miligiram 2 da ɗoriya, babban cokali na man sanfulawa na da sama da 5, ga ganye, ga riɗi, ga man girki na kullum, kuma ba a san bitamin E na abinci da jawo zubar jini ba. Wanda kuma yake shan wafarin, maganin tsinka jinin da aka fara sayarwa a 1948 a matsayin gubar ɓera kafin a amince wa mutane shi a 1954, ta hanyar bitamin K ɗin nan maganin ke aiki, kafson bitamin E kuwa ƙara masa ƙarfi zai yi. Shi da mai shan asfirin kullum, da wanda aka sa wa ranar tiyata, da mai cikin da ta kusa haihuwa, su ɗauki kwalbar su kai wa likita ya karanta abin da ke rubuce a jikinta kafin su sake haɗiyar ko ɗaya.